Daga allon Gent zuwa makabartar Vladslo: nazarin wata tafiyar kwana huɗu a Filandas

An yi wannan tafiya ne a Filandas, yankin arewacin Beljiyam, a makon farko na Nuwamba 2022, lokacin hutun kaka na makarantu a Beljiyam. Mu goma sha huɗu ne, dukkanmu masu jin Hausa mazauna Brussels da kewaye. 'Yan Nijar sun fi yawa, sai 'yan Najeriya, sai iyali guda daga zangon Kumasi. Babbanmu dattijo ne ɗan Damagaram da ya haura saba'in, kowa Baba yake ce masa. Ƙaramarmu 'yar shekara goma sha shida ce, a nan aka haife ta, kuma Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta. Ni aka ɗora wa tsara tafiyar saboda tarihi na karanta. Na rubuta abin da ya faru ne don wanda za a ɗora wa irin wannan aiki gobe ya ga inda muka dace da inda muka yi tuntuɓe.

Yadda maganar ta taso

Buƙatu biyu aka kawo mini, kuma ba su yi kama da juna ba. Matasa suna son Gent da Brugge, garuruwan da suke gani a littattafan makaranta da hotunan abokansu, masu tsofaffin gine-gine da zane-zanen da duniya ke tururuwar zuwa kallo. Baba kuwa makabartun yaƙi yake so. Ƙanen kakansa na cikin samarin da Faransawa suka ɗiba aikin soja a yaƙin duniya na farko, ya tafi bai dawo ba, kuma babu takardar da ta taɓa zuwa gida ta ce ga inda ya kwanta. Baba ya shekara talatin a Beljiyam yana jin ana maganar Ieper, garin da Faransawa ke kira Ypres, inda aka gwabza a wannan yaƙi, bai taɓa taka shi ba.

Tsarina na farko shi ne raba gardama: kwana biyu na matasa, kwana biyu na Baba. Da na karanta wa wata Hajiya cikinmu, sai ta ce, "Malam, ai wannan tafiya biyu ce ka cusa a mota ɗaya. Yara za su yi barci a makabarta, Baba ya yi barci a coci." Gaskiya ta faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da ya sauya mini tunani sashe ne na yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda ta rufe yaƙin. Sashe na 247 ya wajabta wa Jamus ta maye wa jami'ar Leuven gurbin littattafan da sojojinta suka ƙona a Agusta 1914, ta kuma miƙa wa Beljiyam fikafikan wani allon zane na Gent da ke ajiye a Barlin. Wato allon da matasa ke son gani sunansa na cikin takardar da ta kawo ƙarshen yaƙin da ya cinye ƙanen kakan Baba. Daga nan na daina neman yadda zan daidaita ɓangarori biyu. Na yanke cewa kowane zane da za mu tsaya gabansa sai wanda yaƙi ya taɓa, kuma kowace makabarta za mu dube ta a matsayin abin da wani ya zauna ya tsara da hannunsa: wa ya zaɓi dutsen, wa ya zaɓi rubutun, sunan wa aka sa, na wa aka bari.

Akwai kuma abin da kamfanonin yawon buɗe ido na nan ba sa lissafawa, mu kuwa dole. Sha biyu cikinmu Musulmi ne, kuma zane-zanen nan a cikin coci suke, cike da surorin mutane, har da Adamu da Hauwa'u babu sutura. Ban ɓoye wa kowa ba. Mako biyu kafin tafiya na tura wa iyaye hotunan duk abin da za a gani, na ce wanda ransa bai kwanta ba ya jira a waje, babu mai ganin laifinsa. Mutum biyu suka zaɓi haka a Gent, aka bar su da shayi a dandalin gaban cocin. A farkon Nuwamba rana na faɗuwa bayan ƙarfe biyar kaɗan, don haka Azahar da La'asar da Magariba suna matse cikin 'yan sa'o'i. Sai muka gina jadawalin a kan lokutan salla, muka ɗauki tabarmi a mota. Abinci kuma matan suka dafo na kwana biyu, sauran muka dogara da shagunan Turkawa da kifi.

Gent

Allon yana cikin babban cocin Sint-Baafs. An gama shi a 1432. Hubert van Eyck ne ya fara, ya rasu a 1426, ƙanensa Jan ya ƙarasa. Katako ne aka yi wa zane da fentin mai, faɗinsa ya haura mita huɗu idan an buɗe, kuma yana da fikafikai da ake rufewa kamar ƙyauren taga. A ciki akwai fage goma sha biyu. A tsakiyar ƙasa ɗan rago ne tsaye kan bagadi, jama'a na tahowa gare shi ta kowace kusurwa. Abin da ya kama matasanmu shi ne ƙwarewar hannun. Ana iya ƙirga gashin gemu, ana ganin hasken taga a jikin lu'ulu'u, kuma masana tsirrai sun gane gomman nau'o'in ciyayi da furanni a filin da aka zana. A 2012 aka fara aikin gyaransa, aka cire fentin da wasu suka ɗora a ƙarni na 16, sai fuskar ragon ta asali ta fito da idanu biyu suna kallon mai kallo kai tsaye.

Ban fara da wannan ba. Kafin mu shiga na tara su a waje na ba su labarin yawon da allon ya sha, domin shi ne zaren tafiyar. A 1566 an ɓoye shi a hasumiyar cocin don kada masu farfasa surori su kai gare shi. A 1794 sojojin Faransa suka kwashe tsakiyarsa zuwa Faris, bai dawo ba sai bayan faɗuwar Napoleon. A 1816 cocin da kansa ya sayar da fikafikai shida, suka bi hannun dillalai har suka isa wurin sarkin Prusiya, ɗaya daga cikin daulolin Jamusawa, kuma a Barlin aka tsaga su da zarto don a riƙa nuna gaba da baya lokaci ɗaya. Da Jamusawa suka mamaye Gent a 1914, wani limamin cocin mai suna Gabriel van den Gheyn ya fitar da abin da ya rage a asirce ya ɓoye a gidajen gari. A 1920 Jamus ta dawo da fikafikan bisa tilas, duk da cewa saye ta yi ba ƙwace ba, kuma Jamusawa ba su manta da wannan ba. A Afrilu 1934 ɓarawo ya sace fage biyu, ɗaya ya dawo, ɗayan mai hoton alƙalai har yau ba a gan shi ba, kwafi ne a gurbinsa. A 1940 aka gudu da allon zuwa Pau a kudancin Faransa, a 1942 Hitler ya sa aka ɗauko shi, daga baya aka cusa shi a ramin haƙar gishiri na Altaussee a Ostiriya tare da dubban kayan da aka wawushe. Gwamnan Nazi na yankin ya sa aka shigar da manyan bama-bamai takwas cikin akwatuna, aka rubuta a jikinsu wai dutsen marmara ne, da nufin rusa ramin. Masu haƙar gishirin ne suka fitar da su a farkon Mayu 1945, kwanaki kaɗan kafin sojojin Amurka su iso.

Da na kai nan wani saurayi ɗan Kaduna, ɗalibin shari'a, ya ce, "To Malam, su da aka rubuta musu a yarjejeniya a dawo musu da nasu cikin shekara ɗaya, kayan Benin da aka kwashe tun 1897 fa?" A Yulin shekarar ne Jamus ta sa hannu kan mayar wa Najeriya mallakar waɗanda ke hannunta, bayan shekara 125. Hajiya ta ce wanzami ba ya son jarfa. Ban tsara wannan muhawara ba, amma na bar ta ta ci minti ashirin, kuma ita ce ta sa matasan suka shiga cocin da tambaya a ransu, ba da waya kawai a hannu ba.

A ciki na ja hankalinsu ga bayan fikafikan, ɓangaren da mutane ke gani a ranakun da allon ke rufe. A ƙasa, hagu da dama, akwai mutum biyu a durƙushe, hannuwa haɗe: Joos Vijd, attajirin da ya biya kuɗin aikin, da matarsa Elisabeth Borluut. Jan bai yi musu kwaskwarima ba. Ga tamojin fuska, ga sanƙo, ga jijiyoyin hannu. Ba su haihu ba, kuma allon na cikin abin da suka bari don a riƙa tunawa da su ana yi musu addu'a. Na faɗi wannan ne a matsayin ƙarin bayani, ban san zai dawo mana a rana ta huɗu ba.

Brugge

Rana ta biyu ta fi sauƙi, da gangan. Abu ɗaya muka je gani, sassaƙen Maryamu da ɗanta na Michelangelo a cocin Onze-Lieve-Vrouw, na farin marmara, wanda 'yan kasuwar tufafi na gidan Mouscron suka sayo daga Italiya a farkon ƙarni na 16.  Shi ma Faransawa sun ɗauke shi a 1794, sannan a Satumba 1944 sojojin Jamus masu ja da baya suka naɗe shi cikin katifu suka fita da shi, aka same shi a ramin gishirin nan na Altaussee. Minti arba'in muka yi. Sauran yinin na sake su, suka shiga kwalekwale, suka sayi cakulan, Baba ya huta. Wanda ya san abin da saƙa da rini suka yi wa Kano zai gane garuruwan nan da wuri, domin kuɗin ulu da tufafi ne suka gina su, su ne kuma suka biya masu zane.

Ieper, inda tsarin ya karye

A nan na yi kuskuren da ya fi kowane girma. Na cusa wurare huɗu a yini ɗaya: gidan tarihin yaƙi da safe, makabartar Tyne Cot, makabartar Jamusawa ta Langemark, sannan bikin tunawa na dare a ƙofar Menin.

Safiyar ta yi kyau. Gidan tarihin In Flanders Fields yana cikin katafaren zauren 'yan tufafi da aka gama ginawa a 1304. Na bar su suka yaba tsufan ginin, sannan na nuna musu hotonsa na 1918, tarin ɓaraguzai da guntun hasumiya. Abin da suke tsaye a gabansa sabon gini ne da aka sake ɗorawa bisa tsohon fasali, ba a gama ba sai 1967. Churchill ya so a bar garin a rushe ya zama abin tunawa, mutanen garin suka ƙi, suka ce gida suke so su koma. Har yau manoman yankin na tono harsasan igwa da ba su fashe ba, su ajiye a bakin gona, sojojin kwance bam su zo su kwashe.

Da rana muka ɗauki ɗan jagora na yankin, mutum mai ilimi da ladabi. Amma ya saba da baƙi daga Ingila da Ostireliya da Kanada masu neman kabarin kakanninsu, kuma labarin da ya iya nasu ne. A Tyne Cot ya yi bayani mai kyau. Ita ce makabartar sojojin Kwamanwel mafi girma a duniya, kaburbura kusan 12,000, fiye da 8,000 ba a san ko su wane ne ba, ga kuma bango mai sunaye kusan 35,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba. Yawancinsu sun mutu ne a yaƙin Passchendaele, daga 31 ga Yuli zuwa 10 ga Nuwamba 1917, inda aka ci gaba da kimanin kilomita takwas cikin taɓo. Ya nuna mana cewa dutsen janar da na kurtu girmansu ɗaya, farin dutse iri ɗaya, a tsaye cikin furanni kamar lambu. A Langemark kuwa, inda Jamusawa fiye da 44,000 ke kwance, kusan 25,000 a rami ɗaya, duwatsun baƙaƙe ne, shimfiɗe a ƙasa ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Bambancin nan shi ne darasin da na so a gani, yadda mai nasara da wanda aka ci suke binne 'ya'yansu. Sai dai kafin mu kai Langemark sanyi ya shiga jiki, ruwa na yayyafi, kuma lambobi sun daina shiga kunne. Dubu goma sha biyu, dubu talatin da biyar, dubu arba'in da huɗu, duk sun zama abu ɗaya. Yara suka koma mota. Abin da Hajiya ta hango ya faru.

Baba bai ce komai ba sai da muka tsaya sallar La'asar a gefen hanya. Ya matso ya ce mini, "Malam, mun gode, an sha wahala. Amma tun safe ban ji an ambaci baƙin mutum ko ɗaya ba." Ya yi gaskiya, kuma laifin nawa ne, domin ban gaya wa ɗan jagoran ko su wane ne mu ba, balle abin da ya kawo mu. Ga shi muna tsaye a filin da, da yammacin 22 ga Afrilu 1915, Jamusawa suka buɗe dubban tukwanen iskar kulorin, fiye da tan 150, karo na farko da aka yi amfani da iskar guba da wannan yawa, kuma cikin waɗanda ta fara turnuƙewa akwai runduna ta 45 ta Faransa wadda aka taro daga Aljeriya. Tafiyar 'yan mintuna daga nan, a Hollebeke, Khudadad Khan, Musulmi daga Punjab, ya tsaya kan bindigarsa ranar 31 ga Oktoba 1914 bayan an kashe abokan aikinsa, ya zama sojan Indiya na farko da ya sami Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Birtaniya. Faransa ta ɗebi mutum kusan 200,000 daga yankunanta na Afirka ta Yamma a wannan yaƙi, ta kira su duka 'yan Senegal ko daga ina suka fito, kuma kimanin 30,000 ba su dawo ba. Duk na san wannan, amma na bar shi a littafin aljihuna ina jiran lokacin da ya dace, har yini ya ƙare.

A mota na faɗa musu, na ƙara da abin da ya shafi 'yan Najeriya da Gana, waɗanda kakanninsu ba a Filandas suka yi yaƙi ba, a Togo da Kamaru da Afirka ta Gabas ne. Maganar daidaiton duwatsu da ɗan jagora ya yi gaskiya ce a Turai. Amma a Afrilu 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙin Kwamanwel ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, yawanci 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a yi musu abin tunawa ko kaɗan ba, ta kuma nemi gafara. Motar da ta yi tsit saboda gajiya sai ta farka.

Da wannan muka isa ƙofar Menin. An buɗe ta a 24 ga Yuli 1927, kuma jikinta na ɗauke da sunaye fiye da 54,000 na waɗanda ƙasa ta haɗiye. Tun 1928, kowane dare da ƙarfe takwas, ana tsayar da motoci, masu busa begila na 'yan kwana-kwanan garin su fito su yi busar bankwana. Mamayar Jamus ta 1940 zuwa 1944 ce kaɗai ta katse shi, kuma a daren da aka 'yantar da garin aka ci gaba. Matasanmu suka bazu suna haska bango da waya, suka gano allunan rundunonin Indiya, suna karanto sunayen Musulmi da na Sikh da ƙarfi har sai da aka yi musu alamar shiru. Busar ba ta kai minti biyu ba. Na ga Baba ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa a baya.

Rana ta huɗu

A daren na soke abin da na tsara na safiya, wato komawa wani gidan tarihi, na sa makabartar Faransawa ta Saint-Charles de Potyze, wadda ke bakin hanyar Zonnebeke, 'yan mintuna daga gari. Sojoji wajen 4,000 ne a cikinta. Motocin 'yan yawon buɗe ido ba su cika tsayawa a nan ba, mu kaɗai ne. Cikin layukan gicciye akwai duwatsu masu kai kamar bakin mihrabi, da jinjirin wata da tauraro, da rubutun Larabci mai cewa wannan kabarin marigayi ne. Yawancin sunayen na mutanen arewacin Afirka ne. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, yana karantawa a hankali. Bai sami sunan da yake nema ba, kuma tun farko ya san da wuya. Ya juya ya ce, "To, ku matso, waɗannan ma ba su da mai zuwa." Muka tsaya ya ja addu'a, 'yan'uwanmu Kirista biyu suka tsaya tare da mu. Ban yi bayanin komai ba a wurin.

Daga nan muka yi arewa zuwa Vladslo, kusa da Diksmuide, ƙasa da awa ɗaya a mota. Makabartar Jamusawa ce, mutum 25,644, cikin kurmi, duwatsu a shimfiɗe, kowane dutse da sunaye har ashirin. Ganyen kaka ya rufe rabinsu. A can ƙarshe akwai mutum-mutumi biyu na dutse, aikin Käthe Kollwitz.

Ɗanta Peter yana da shekara 18 lokacin da yaƙi ya ɓarke. Shekarunsa ba su kai ya shiga soja ba sai da izinin uba, kuma uban, Karl, likitan talakawa a Barlin, ya ƙi. Uwar ce ta taya yaron roƙo har ya yarda. An kashe Peter a Oktoba 1914 kusa da Diksmuide, 'yan kwanaki bayan isarsa fagen daga. A cikin waɗannan makonni ne Beljiyawa suka buɗe ƙofofin ruwa a Nieuwpoort teku ta malale filin, kuma cikin masu tsaron Diksmuide har ta faɗi a 10 ga Nuwamba akwai bataliyoyin baƙaƙen sojojin Faransa. Da na faɗi haka Baba ya ɗago ya dube ni, bai yi magana ba. Käthe ta fara tunanin abin tunawa tun ƙarshen shekarar. Da farko gawar ɗan ta so ta sassaƙa, ta yi shekaru tana fama, ta watsar a 1919, ta dawo kansa a 1924, a ƙarshe ta cire ɗan gaba ɗaya ta bar iyayen. An kafa su a 1932 a makabartar Roggeveld, sannan aka dawo da su nan tare da kaburburan a shekarun 1950. Uban na durƙushe a miƙe, ya rungume kansa da hannuwa biyu kamar mai jin sanyi, idonsa kan dutsen da sunan Peter ke ciki, 'yan taku kaɗan a gabansa. Uwar ta duƙa, lulluɓe da mayafi, ba ta iya ɗaga kai. Fuskokin na Karl da Käthe ne. A 1933 'yan Nazi suka tilasta mata barin majalisar masu fasaha ta Prusiya, a 1942 aka kashe jikanta, shi ma Peter, a Rasha, ita kuma ta rasu a Afrilu 1945.

Na shirya in ce musu shekara 500 cif ke tsakanin allon Gent da wannan aiki, 1432 da 1932, in tsaya nan. Sai yarinyar nan 'yar sha shida ta riga ni. Ta ce wa mahaifiyarta da Faransanci, uwar ta juya mana da Hausa: "Wai irin mutanen bayan allon nan ne. Miji da mata, a durƙushe. Waɗancan ba su samu ɗa ba, waɗannan sun samu an karɓe." Ni da na tsara tafiyar, na karanta littattafai a kan ayyukan biyu, ban taɓa haɗa su ta wannan fuska ba. Hajiya, wadda ta binne ɗa saurayi a gida shekarun baya, ta je ta tsuguna ta share ganyen da ke kan dutsen Peter da hannunta. Mun yi fiye da awa a wurin, babu wanda ya koma mota.

Abin da na gani bayan an dawo

Da na zauna da su mako biyu bayan haka, babu wanda ya riƙe adadin Tyne Cot ko na Langemark. Kowa ya riƙe attajirin Gent da matarsa, da masu haƙar gishiri, da Peter. Ina ganin dalilin a fili yake. Gent ta koya musu tsayawa gaban fuska ɗaya su dube ta da kyau, kuma da wannan idon suka isa Vladslo. Da na juya tsarin, makabartu a gaba zane a baya, da Brugge ta zama wurin wanke baƙin ciki da cakulan kawai. Don haka jerin ranakun ya yi daidai. Yini na uku ne ya ɓaci, kuma ba yawan wurare kaɗai ya ɓata shi ba. Na ɗauki labarin da aka saba ba wa wasu baƙi na ɗora wa mutanen da ke da nasu haƙƙi a filin. Da zan sake, makabarta biyu sun isa a yini, Potyze za ta zo kafin Tyne Cot, kuma zan zauna da ɗan jagora tun da wuri in gaya masa su wa zai jagoranta. Shi kansa, da na rubuta masa daga baya, ya amsa da cewa ya san tarihin rundunonin Afirka sarai, ba a taɓa tambayarsa ba ne.

Mutum biyun da suka jira a waje a Gent sun shiga Vladslo ba tare da an roƙe su ba, ko da yake can ma surori ne. Ɗayansu ya ce mini makabarta daban, ziyararta na tuna wa mutum lahira. Ban ja maganar ba.

Batun Baba bai ƙare ba. Ma'aikatar sojan Faransa na da rumbu a intanet mai suna Mémoire des hommes, da katunan mutum fiye da miliyan 1.3 da suka mutu mata a wannan yaƙi, kowa na iya dubawa kyauta. Yarinyar ce ta ɗauki aikin, takan je gidan Baba ran Lahadi da kwamfutarta. Matsalar ita ce magatakardan Faransa sun rubuta sunayen mutanenmu yadda kunnensu ya ji, sau da yawa suna ɗaya tak da lambar soja, garin haihuwa kuma sunan gunduma kawai. Sun sami katuna da dama masu suna irin na ƙanen kakan nasa, an rubuta shi ta hanya uku daban-daban. Baba ya aika gida a tambayi wata gwaggonsa da ta rage ko ta riƙe shekarar da aka ɗebe su, kafin babbar yunwa ne ko bayanta, da sunan wanda suka tafi tare.